Safiyar Da Ta Biyo Bayan Dare Dubu Da Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a sake ba ni ɗan filin nan da aka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana masu karatu abin da ya same ni game da wani littafi. Na ce abin da ya same ni, gama na ɗauke shi ne don ya taya ni hira kafin barci ya zo, sai ga shi ya kore mini barcin har kwana uku.

Wani ɗan ƙanena da ya yi karatu a Alƙahira shi ya kawo mini littafin tsaraba. Sunansa Layali Alfi Laila, watau Dararen Dare Dubu. Wanda ya wallafa shi Najib Mahfuz ne, mutumin Masar, wanda aka haifa a Alƙahira cikin 1911, ya rasu cikin 2006. Shi ne Balarabe na farko da aka ba kyautar Nobel ta adabi, a 1988. Wanda bai iya Larabci ba yana iya neman na Ingilishi, wanda Denys Johnson-Davies ya juya, aka buga cikin 1995. Amma abin da ya fi sa na ji mutumin ya kwanta mini a rai shi ne, ashe akawu ne irinmu. Ya yi wa gwamnatin ƙasarsu aiki fiye da shekara talatin, ya daɗe a ma'aikatar wakafi, bai ajiye aikin ba sai 1971. Saboda haka ya san takarda, ya san sa hannu, ya san yadda kan mutum ke sunkuyawa in babba ya shigo ofis. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ba na tsammanin akwai mai karanta jaridar nan da bai san Alfu Laila wa Laila ba, tun da an daɗe da juya shi da Hausa da sunan Dare Dubu da Ɗaya. Kun tuna yadda ya fara. Sarki Shahariyar ya kama matarsa tana cin amanarsa, ya kashe ta, sa'an nan ya ɗauki al'ada, kowane dare a kawo masa budurwa, in gari ya waye a ba hauni ita. Aka yi shekara uku ana haka, har 'yan mata suka yi wuya a birni. Sai Shaharzad 'yar Waziri ta ce a kai ta. Ta shiga ba shi labari, in asuba ta yi sai ta katse a daidai wurin da ya fi daɗi, shi kuwa ya ɗaga mata ƙafa don ya ji ƙarshe. A dare na ƙarshe ta kawo masa 'ya'ya uku maza da ta haifa masa, ɗaya na tafiya, ɗaya na rarrafe, ɗaya na shan mama, ya yafe mata, aka ƙawata birni, aka yi ta biki.

Sa'ad da aka karanta mana wurin nan muna yara, mun yi murna ƙwarai, har muka ce sarkin nan ya yi kirki. Yau kusan shekara hamsin ke nan, ban taɓa zama na yi lissafin nan mai sauƙi ba, wanda ɗan aji uku zai iya: budurwa ɗaya kowane dare har shekara uku, sun haura dubu. Kowace kuwa tana da uwa da uba. A ranar bikin nan da aka ƙawata birni, ina iyayen suke? Su ma sun fito kallo? Tsohon littafin bai tsaya a kansu ba, ni ma ban tsaya ba, sai da wannan mutumin Masar ya kama mini hannu ya tsai da ni.

Gama shi daga nan ya fara, daga safiyar da labari ya ƙare. Waziri Dandan ya tafi fada jikinsa na rawa, bai san ko yau za a yanka 'yarsa ba, sai Sarki ya gaya masa ya yanke shawara Shaharzad za ta zauna matarsa. Waziri ya je wurinta da albishir, sai ya iske ba ta cikin farin ciki. Ta tsira, ta kuma tsirar da 'yan matan da suka rage, amma zuciyarta ba ta son mutumin, ba ta manta jinin da ke hannunsa ba, kuma da shi za ta zauna har iyakar ranta. Wallahi da na kai nan sai na rufe littafin na yi shiru, kunya ta kama ni, kamar wanda aka tuna wa bashin da ya daɗe yana yi kamar ya manta.

Kafin in ci gaba, bari in kawo maganar wani abokina, malami ne mai karantar da Larabci, wanda muke zama da shi bayan la'asar. Da na ba shi labarin littafin sai ya ɓata rai, ya ce, "Malam, wannan ai ɓarna ce. Littafin da magabata suka bari, wa ya ba ɗan zamani izinin ya sa masa hannu, ya ƙara, ya rage, ya mai da daɗi baƙin ciki?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wane ne magabacin da ya rubuta shi?" Ya yi shiru, don ya sani babu sunan kowa a kansa.

Ga abin da na gaya masa, ina kuwa so malaman makaranta su ji. Littafin nan bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Mas'udi, wanda ya rasu cikin 956, ya ambaci asalinsa, wani littafin mutanen Farisa mai suna Hazar Afsana, watau labari dubu. Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya faɗa cikin Fihrist wajen 987 cewa ya ga littafin da idonsa, labarun da ke ciki ba su kai 200 ba, har ma ya raina shi, ya ga ba shi da armashi. Daga baya mutanen Bagadaza suka zuba nasu, mutanen Sham da na Alƙahira suka zuba nasu. Ga ma hujja a cikin littafin kansa. An ce Shahariyar daga sarakunan Banu Sasan yake, waɗanda mulkinsu ya ƙare cikin 651, amma ga Shaharzad tana ba shi labarin Haruna Rashid, wanda ya yi halifanci daga 786 zuwa 809. Yaya za ta ba da labarin wanda ba a haifi kakansa ba? Wani ne ya zo daga baya ya sa mata a baki.

Har wa yau, labarin Ala'uddin mai fitila da na Ali Baba da ɓarayi arba'in, waɗanda yara suka fi sani duk duniya, ba su cikin tsohon rubutun Larabci da Antoine Galland, mutumin Faransa, ya yi aiki da shi sa'ad da ya juya littafin da harshensu tsakanin 1704 da 1717. Wani saurayi Kirista mutumin Halab, Hanna Diyab, shi ya ba shi su da baki a birnin Paris cikin 1709. Bugun Bulak na Masar, wanda malamai da yawa ke ɗauka shi ne asali, bai fito ba sai 1835. Mu ma nan gida, Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo daga labarun Larabawa da na wasu al'ummai a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu riga da rawani irin namu, ya ba aku su ya faɗa cikin Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Abokina ya ce, "To, na ji, amma Imam bai hana kowa barci ba." Muka yi dariya. Da wannan kam ya yi gaskiya.

To, mu koma. Mahfuz ya kwaso mutanen da Shaharzad ta ba da labarinsu, Sindbad, da Ma'aruf mai gyaran takalma, da wanzami mai surutu, da Ƙutul Ƙulub, ya zaunar da su a unguwa guda cikin birnin Shahariyar, suna haɗuwa da dare a wani gidan gahawa, manya a kan kujeru, talakawa a ƙasa. Aljannu ma suna nan, biyu muminai, biyu shaiɗanu. Amma aljannun nan ba su gina wa kowa fada cikin dare, ba su ɗauko wa kowa 'yar sarki don ya ji daɗi kawai. Aikinsu shi ne su taɓa mutum kaɗan, sa'an nan su ja da baya su ga abin da zai fito daga cikinsa.

Na farkon da aka taɓa wani attajiri ne, San'an al-Jamali, mai salla, mai sadaka, wanda kowa ke gaisarwa da girma. Aljani Ƙumƙam ya ce masa sai ya kashe azzalumin hakimin unguwar. Tsoro ya ruɗa shi, hankalinsa ya gushe, kafin ya kai ga hakimin sai da ya yi wa wata ƙaramar yarinya aika-aikar da ba zan iya rubutawa a jarida ba, ya kuma kashe ta. Daga baya ya kashe hakimin, ya nemi aljanin ya cece shi, aljanin ya ƙi saboda yarinyar. Aka sare kansa, aka kwashe dukiyarsa.

Wanda ya hana ni barci kuwa na biyu ne, Jamasa al-Bulti, shugaban 'yan doka. Shi ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Yana son matarsa da 'yarsa, yana da abokai, San'an ma abokinsa ne, amma shi ya kama shi, shi ya zartar da umurnin kwashe dukiyar iyalinsa. Yana kama wanda aka ce ya kama, yana sakin wanda aka ce ya saki, yana karɓar ɗan abin da ake karɓa. Wata rana ya tafi su a kogi, ya jawo wani abu na ƙarfe, aljani Sinjam ya fito daga ciki. Aljanin ya shiga yi masa tambaya a kan aikinsa. Amsar Jamasa ita ce amsar da kowane ɗayanmu ya sani: shi bawan umurni ne, na sama ke yankewa, nasa zartarwa. Aljanin bai karɓi wannan ba, ya nuna masa cewa hankalin da Allah ya ba shi ba a ba shi don ya jingine a ƙofar hakimi ba.

Mu Hausawa muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Da wannan magana muke wanke na sama. Bafaden kuma in an tambaye shi sai ya ce sa shi aka yi, ya wanke kansa. To, in sarki ya fita, bafade ya fita, wa ya yanka 'yan matan nan dubu? Sarki bai taɓa riƙe wuƙar da hannunsa kowace safiya ba. Akwai wanda ya shiga gida-gida ya zaɓo, akwai wanda ya rubuta suna, akwai wanda ya buɗe ƙofa, akwai hauni, akwai wanda ya wanke wurin. Waziri Dandan da kansa, uban Shaharzad, shekara uku yana kawo 'ya'yan mutane, bai ji zafin abin ba sai da ya zo kan tasa.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sa'ad da nake ƙaramin akawu a wani ofis, wanda ba zan ambata ba, kuɗi suka ɓace daga akwatin ofis. Duk mun san hannun da ya ɗauka, mun kuma san ba wanda zai iya nuna shi. Aka ɗora wa wani masinja dattijo, mai 'ya'ya da yawa, wanda ko mabuɗin akwatin bai taɓa riƙewa ba. Babban akawu ya kira ni ya ce in buga takardar sallamarsa. Na zauna gaban tafireta na buga, ban yi kuskuren ko harafi ɗaya ba, har aka yaba mini tsabtar aikin. Ni na miƙa masa takardar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Malam, kai ma ka yarda na ɗauka?" Na ce, "Baba, ni dai an sa ni ne." Ya dube ni, ya ce, "Haka ne, ɗana," ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya fita. A lokacin ina da sabuwar amarya da bashin sadaki, na kuwa gaya wa kaina ba ni da iko. Watakila da na yi magana da an haɗa da ni. Amma ban gwada ba, ko da kalma guda. Da na iske maganata a bakin Jamasa, kusan harafi da harafi, sai na ji kamar Mahfuz yana tsaye bayana a ofishin nan ranar.

Abin da Jamasa ya yi daga baya shi ne ya zare takobi ya kashe sabon hakimin. Aka kai shi wurin hauni, aljanin ya musanya shi da wata siffa, aka sare kan siffar aka rataye a ƙofar gidansa, shi kuwa ya tashi a jikin wani ɗan dako ana ce masa Abdullahi. Ya riƙa wucewa yana ganin kansa a rataye, yana ganin matarsa da 'yarsa cikin wahala, ba shi da halin ya ce musu ga shi. Ban taɓa karanta hukuncin da ya kai wannan ban tsoro ba, a ce mutum ya tsaya waje ɗaya yana kallon abin da ya kasance.

Amma fa kada wani saurayi mai zafin kai ya karanta ya ce littafin yana koyar da kisan hakimai. Ni abin da na gani, duk hakimin da aka kashe, sai a naɗa wani, kafin wata ya zagayo ya zama kamar na jiya, magatakardansa da shugaban 'yan dokansa su ma haka. Wuƙa ta yi ta aiki, unguwa ba ta gyaru ba. Mutanen Masar sun san wannan da jikinsu, gama an harbe shugabansu Anwar Sadat cikin Oktoba 1981, Mahfuz kansa kuma wani saurayi ya soke shi da wuƙa a wuya cikin 1994 saboda wani littafi nasa dabam, yana tsoho mai shekara 82, har hannunsa na dama ya raunana.

Akwai kuma Fadil ɗan San'an, yaron kirki mai sayar da alewa, wanda shaiɗanin aljani ya ba hula mai aikin layar zana, bisa sharaɗin ya yi duk abin da ya ga dama da ita ban da abin da zuciyarsa ta gari ta umurce shi. Ya fara da 'yar sata da wasa da mutane, ya ƙare da kisan kai. Ma'aruf mai gyaran takalma kuwa, wanda ba wanda ke ganinsa da gashi, aka ce ya kashe bayin Allah biyu ko a tona asirinsa, ya ƙi, a ƙarshe shi aka naɗa hakimi. Waɗannan na bar muku ku karanta da kanku.

Wurin da ya fi mini daɗi duka shi ne na Ibrahim ɗan garuwa. An ƙulla wa wani yaro salihi sharrin sata, Ala'uddin ɗan wanzami, ba mai fitila ba, aka kashe shi bisa zalunci. Ɗan garuwan nan ya tsinci dukiya, maimakon ya gina gida ya yi aure, sai ya kashe ta wajen shirya fadar ƙarya a wani tsibiri. Kowane dare ya sa kayan sarauta, talakawa 'yan'uwansa su zama fadawa, a sake shari'ar Ala'uddin, a kira shaidu, a yanke hukuncin gaskiya, gari ya waye kowa ya koma bakin sana'arsa. Sarki Shahariyar yana yawon dare a ɓoye ya faɗa cikinsu, ya zauna ya ga wani yana kwaikwayonsa, yana yin adalcin da shi bai yi ba. Da ya koma fada ya bincika, ya hukunta waɗanda suka ƙulla sharrin. Yaron dai bai dawo ba. Na gaya wa abokina malamin Larabci, iyakar ƙarfin labari ke nan a wurin Mahfuz, yana iya sa mai mulki ya ga fuskarsa, amma ba ya ta da wanda aka binne.

Ba zan ɓoye aibin littafin ba. Sunaye sun yi yawa, hakimai da magatakarda suna ta canzawa har sai da na ɗauki fensir na rubuta su a bangon baya. Maganganun Shaihu Abdullahi al-Balkhi, malamin Sufaye na unguwar, wasu suna da zurfi, wasu kuwa na karanta sau uku ban ga inda suka dosa ba, na kuma ji haushinsa da yake zaune a ɗakinsa almajiransa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban da Shaharzad a farko da ƙarshe, mata ba su sami bakin magana sosai ba, alhali tsohon littafin mace ce ke riƙe da shi tun daga fari har ƙarshe. Raha ma ta yi kaɗan. Wanda ke neman dariyar wanzami da 'yan'uwansa shida, ya koma wa tsohon. Larabcinsa dai mai sauƙi ne, wanda ya sauke littattafan farko na lugga zai bi shi ba da wahala ba. Malaman makaranta kuma ina roƙonku kada ku ba yara ƙanana, saboda labarin San'an da wasu wurare biyu ko uku. A bar shi ga manyan ɗalibai da ma'aikata.

Ƙarshen Shahariyar kuwa, ya gane matarsa ba ta ƙaunarsa, ya ji labarin tafiye-tafiyen Sindbad, ya sauka daga gadon sarauta ya fita shi kaɗai. Ya iske wasu mutane suna kuka gindin wani dutse. Ya sami hanya ya shiga, ya tarar da birni mai kama da aljanna, ya koma saurayi, ya auri sarauniyar wurin. Aka hana shi buɗe ƙofa guda. Ya buɗe. Sai ga shi a waje, tsoho kamar da, dutse ya rufe, ya zauna cikin masu kukan nan ya zama ɗayansu. Mahfuz bai yanka shi ba, bai kuma ba shi biki ba.

Abokina ya karɓi littafin aro, wai zai duba ya nuna mini ɓarnar da ke ciki. Yau kwana goma sha biyu bai dawo da shi ba, in na tambaya sai ya ce bai gama da Jamasa ba. Ni kuwa ranar Juma'ar da ta wuce na tafi unguwar da masinjan nan yake zaune a da, na yi tambaya. Aka ce mini ya daɗe da rasuwa, amma babban ɗansa yana nan yana ɗinki a bakin kasuwa. Na je har kusa da rumfar, na ga mutumin yana taka keke, na tsaya, na juyo. Ina nufin in koma ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.